Dusa, harawa da gashin tumbi: inda ƙibar sa take fitowa

Duk shekara idan Babbar Sallah ta rage wata biyu ko uku, masu kiwon turke a Sakkwato sukan shiga Kara, wasu su nufi Achida ko Illela, su sayo ramammun bijimai da niyyar ɗora musu nama kafin layya. Lissafin a baki ba wuya: sa ya rame ne don bai ci ya ƙoshi ba, to a cika masa baho da dusa, a ƙara da angurya, in da hali a zuba tunkuza. Wasu sukan dace. Wasu kuwa kafin mako ya zagayo bijimin ya daina tuƙa, kashinsa ya tsinke yana kumfa da warin tsami, yau ya ci gobe ya kau da kai, bayan wata guda a gan shi yana ɗingishi. Sai a ɗora laifi a kan dillali, ko mai dusa, ko a ce baki ne ya kama shi. Galibi babu ko ɗaya a ciki. Abinci ne ya riga bangon tumbi shiri, ana samar da asid a ciki fiye da yadda bangon zai iya kwashewa.

Saniya ba ta narkar da ciyawa da kanta. Babu wata dabba mai shayarwa da jikinta ke fitar da sinadarin da ke farfasa selulos, abin da ya ba kara da ciyawa taurinsu. Cikinta ɗaki huɗu ne: babban tumbi da ya cika gefen hagu, mai saƙar zuma da ke manne da shi ta gaba, mai shafuka, sai na ƙarshe, wanda shi kaɗai ke zubo ruwan narkar da abinci irin na cikin ɗan Adam. Aikin da ya dame mu a babban tumbi yake. A jikin babbar saniya yana ɗaukar lita 100 ko fiye, zafinsa na tsayawa wajen digiri 39, kuma babu iskar oksijin a ciki. A kowace mililita ta ruwansa akwai bakteriya wajen biliyan 10, ban da wasu manyan ƙwayoyin halitta masu iyo da ake kira furotozowa, da wani nau'in funfuna mai huda kara. Su ne masu cin harawar, saniya kuma a kan dattin aikinsu take rayuwa. Ba a samu damar nazarinsu da kyau ba sai wajen 1950, da wani masanin Amurka, Robert Hungate, ya fito da dabarar rainonsu a cikin kwalabe marasa iska, domin yawancinsu da iska ta taɓa su sai mutuwa.

Dattin nan asid ne iri uku masu gajeren jiki: asitet, furofiyonet da butiret. Na farkon shi ne tsamin ruwan khal, na ukun shi ne warin da man shanu ke yi idan ya kwana biyu a ajiye. A 1944 wasu masu bincike a Kambirij ta Ingila, Barcroft da McAnally da Phillipson, suka auna jinin da ke fitowa daga tumbin tumaki suka same shi ɗauke da waɗannan asid, alhali jinin da ke shiga kaɗan ne a cikinsa. Daga nan aka tabbatar cewa ta bangon tumbi abinci ke shiga jini. Wajen kashi 70 cikin 100 na ƙarfin da saniya ke aiki da shi daga asid ukun nan yake zuwa. Saniyar madara ta Turai mai yawan ci tana samar da fiye da kilo 5 nasu a rana. Gudali da Rahaji da Bunaji ba su kai nan ba don cinsu bai kai ba, amma tsarin ɗaya ne.

Kowanne da inda yake nufa. Asitet yana bin jini zuwa tsoka ya zama makamashi, ko jiki ya gina kitse da shi, ko hantsa ta gina man da ke cikin madara. Furofiyonet hanta ce ke tare shi ta mayar da shi gulukos, wato sukarin jini, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin ƙwayoyin tumbi sukan cinye kusan duk sukari da sitacin abinci tun kafin su kai hanji. Sukarin da ke jinin saniya hanta ce ke ƙera mafi yawansa. Butiret kuwa bangon tumbin kansa ke cin kaso mai yawa nasa a hanya. Abinci ne ke yanke rabon. Sa mai cin ciyawa da kara zalla, asid ɗin tumbinsa wajen kashi 70 asitet ne, 20 furofiyonet, 10 butiret. Idan hatsi da dusa suka yi yawa, asitet ya sauko wajen rabi, furofiyonet ya hau zuwa 35 ko 40. Don haka masu cewa dusa ce ke sa nama da sauri gaskiyarsu ne. Akwai ma ƙarin riba: hanyar da ke samar da asitet tana sakin haidurojin, wasu ƙwayoyi su mayar da shi iskar mitan, saniya ta yi gyatsarta a banza, hanyar furofiyonet kuwa shanye haidurojin take yi. Ƙarfin da ke tafiya a gyatsa yana kamawa daga kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na abin da aka ci, kuma abinci mai yawan zare ne ke tura shi sama.

Sai dai asid ɗin da ba a kwashe ba ba ya amfanar sa, cutar da shi yake yi. Wanda ya taɓa tsayawa a kwata da sassafe, lokacin da rundawa ke juye tumbi suna wankewa, ya ga abin da ke kwashewar da idonsa. Cikin tumbin baƙi-baƙi ne ko ruwan ƙasa, shimfiɗe da wasu 'yan tsiro cunkus, gashin tumbi ke nan. Ka shafa da yatsa a ƙasan tumbi inda ruwa ke kwanciya, za ka ji su dogaye masu faɗi, wasu sun kai santimita 1 har da rabi. Ka hau sama inda iska ke taruwa sai su gajarce, wani wurin ma kusan sumul. A kan ginshiƙan tsoka da suka raba tumbin kashi-kashi ba su da yawa. Kowane gashi da jijiyoyin jini a cikinsa. Amfaninsu irin na zaren tawul ne: ƙyalle mai santsi da tawul suna iya zama faɗi ɗaya, amma tawul ya fi shan ruwa don fuskarsa ta ninku. Daga rabi zuwa kashi 85 cikin 100 na asid ɗin da aka samar ta gashin nan yake shiga jini, ragowar ya gangara da ruwa zuwa mai shafuka, can a tsotse mafi yawansa. Kuma ka jera tumbi biyu a teburin mahauci, na turkakken sa da na saniyar da aka yanka ƙarshen rani, ba sai an faɗa maka wanne ne wanne ba. Na farko gashinsa dogo ne mai faɗi, na biyu gajere siriri.

Maraƙi yana zuwa duniya kusan babu gashin nan. Ranar haihuwa ɗaki na huɗu ne babba, tumbi 'yar jaka ce, nonon da yake tsotsa ma wani kwararo ne ke wucewa da shi ba tare da ya faɗa tumbi ba. An daɗe ana zaton kaushin ciyawa ne ke gogar bango har gashi ya tsiro. Tsakanin 1956 da 1959, a Jami'ar Cornell ta Amurka, Warner da Flatt da Loosli da abokan aikinsu suka gwada maganar. Suka cusa wa maruƙa soson roba a tumbi: tumbin ya buɗe, tsokarsa ta yi kauri, gashi bai tsiro ba. Suka zuba wa wasu gishirin butiret da na furofiyonet kai tsaye: gashi ya tsiro, butiret ne kuma ya fi tasiri. Ke nan abu biyu ne daban. Ciyawa da harawa suna gina girman tumbi da ƙarfin tsokarsa, asid kuma shi ke gina gashi. Maraƙin da aka fara ajiye wa 'yar dusa da lallausar harawar wake da ruwa tun yana mako biyu ko uku, kafin ya cika wata uku tumbinsa ya kama aiki. Wanda aka bari da nono kaɗai yakan sha wuya ranar yaye.

Gwajin soson nan kullum muna maimaita shi a cikin gari ba da niyya ba. Dabbar da ke kiwo a bola tana haɗiyar leda da tsumma da igiyar buhu, su dunƙule a tumbi, wani lokaci kilo da yawa. Ciki ya yi tulu, mai saye ya ɗauka ƙoshi ne, alhali leda ba ta ba da asid ko ɗigo, ta tare wurin abinci, tana kuma gurje gashin. Irin wannan sa ko buhu nawa aka zuba masa ba zai ɗauki nama ba sai likita ya yi masa aiki ya cire ta.

Ko a jikin babban sa gashin ba ya zama yadda yake, yana tsawo yana janyewa bisa abin da ake ci. A nan ruwan sama daga Yuni zuwa Satumba ne. Daga Nuwamba gamba da kyasuwa sun bushe, furotin ɗinsu ya faɗi zuwa kashi 3 ko 4 cikin 100, ƙwayoyin tumbi kuwa suna bukatar wajen kashi 7 kafin su yi aiki yadda ya kamata. Sai narkewa ta yi nawa, kara ya daɗe a tumbi, ci ya ragu, asid ya yi kaɗan, gashi ya janye. Shanun da suka samu burgu a fadamar Rima, ko 'ya'yan gawo, ko harawar gyaɗa, da sauƙi-sauƙi. Wanda ya fito daga tudu a Maris ko Afrilu kuwa bangon tumbinsa ya koma baya ƙwarai, kuma a 2024 da 2025 Babbar Sallah a watan Yuni ta faɗo, ke nan daidai irin waɗannan bijimai aka riƙa saye don ita. Binciken da aka yi a Jamus cikin shekarun 1980 a kan shanun madara ya nuna cewa bayan an koma abinci mai ƙarfi, gashin yana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin ya kai cikakken tsawonsa. Ƙwayoyin halittar da suka gina bangon suna fara ƙara hanzarin tsotsa tun makon farko ko na biyu, amma ginin gashi ba ya karɓar gaggawa. Bakteriyar da ke cin sitaci kuwa cikin sa'o'i take ninkuwa. A tsakanin sa'o'in nan da makonnin nan kuɗin mai turke ke zubewa.

Asid yana ratsa bango ta hanya biyu, tsamin tumbi ne kuma ke zaɓar wadda ta fi aiki. Ana auna tsami da ma'aunin pH: 7 tsaka-tsaki ne, duk saukar lamba ɗaya tsami ya ninka sau 10. Tumbi mai lafiya tsakanin 6 da 7 yake zama. Asid ɗin nan suna da siffa biyu, ɗaya mai narkewa cikin kitse wadda ke sulalewa ta fatar ƙwayar bango da kanta, ɗaya kuma mai ɗauke da cajin lantarki wadda ba ta wucewa sai ta ƙofa. A pH 6.8, ɗaya kacal cikin 100 ne ke a siffar farko, a 5.8 ya kusa 10 cikin 100. Don haka idan tumbi ya ɗan yi tsami tsotsa tana ƙaruwa, butiret a gaba, furofiyonet na biye, asitet a baya. Sauran ta ƙofar musaya suke bi: ƙwayar bango ta karɓi asid ɗaya, ta miƙo baikabonet ɗaya cikin tumbi, wato sodar da ke kashe tsami. Wannan ne ya fi ba ni sha'awa a duk lamarin, bango mai yawan gashi yana kwashe asid yana kuma zuba maganin tsami a lokaci guda. An ƙiyasta kusan rabin tsamin da ake samarwa a tumbi ta hanyar tsotsa ake kawar da shi. Ta ɗaya gefen dole jini ya riƙa ɗebe abin da ya ratso, tumbi kuma ya riƙa motsi sau ɗaya ko biyu a minti yana kai sabon ruwa bakin gashi. Wannan mai kiwo na iya ji da hannunsa. Ka danna dunƙulen hannu a kwarin da ke gefen hagu bayan haƙarƙari na ƙarshe, ka jira minti biyu, za ka ji tumbin ya taso ya ture hannunka ya koma. In ka jira ba ka ji komai ba, da matsala.

Sauran tsamin kuwa, miyau ne ke kashe mafi yawansa. Babbar saniya na zubar da miyau lita 100 ko fiye a rana, cike da baikabonet da fosfet, kuma ya fi zuba lokacin ci da tuƙa. Mai cin harawa da kara tana tuƙa sa'a 7 ko 8 a yini, abin da ke tayar da tuƙar kuwa shi ne dogon zaren da ke yawo a saman ruwan tumbi yana sosar bango. A nan ne nake da ja da al'adu biyu da suka zama ruwan dare. Ta farko, a dama dusa da ruwa ta tsinke, a ba sa ya zuƙe cikin minti kaɗan: babu tauna, babu miyau, sitaci ya faɗa tumbi gaba ɗaya. Yayyafa ruwa don kashe ƙura daban ne, wannan ba laifi. Ta biyu, a kai kara da harawa inji a niƙe su su zama gari. Sassara kara guntu-guntu yana rage ɓarna, yana da kyau, amma da ya zama gari ya daina tayar da tuƙa.

Rushewar kuwa a jere take zuwa. An zuba wa sa mai gajeren gashi dusar gero mai tsaki a ciki, ko ragowar tuwo da ƙanzo, ko ya kwance da dare ya faɗa wa buhun masara. Asid ya taru, pH ya sauka ƙasa da 6, bakteriyar da ke cin zare, irin su Fibrobacter da Ruminococcus, suka ja baya. Wata mai suna Streptococcus bovis ta ninku ta koma fitar da asid ɗin laktik, tsamin da ke cikin kindirmo, wanda ya fi sauran ƙarfi wajen sau 10 kuma bango ba ya tsotsarsa da sauri. Akwai masu cin laktik, kamar Megasphaera elsdenii, amma hayayyafarsu a hankali take, sai an ba su kwanaki. Idan pH ya faɗi ƙasa da 5, tumbi ya tsaya cik, ya janyo ruwa daga jini, ido ya faɗa, sa ya kwanta, yana iya mutuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan kowa na ganewa. Wanda ya fi cin kuɗin mutane shi ne na ɓoye, inda pH ke sauka ƙasa da 5.6 na 'yan sa'o'i kullum ya koma. Sa yana tsaye, yana ci, amma gashin tumbinsa ƙonewa yake: fatar waje ta yi kauri ta taurare, gashi ya manne da juna dunƙule-dunƙule, wani wuri ya saɓule ya bar gyambo. Bango ya yi kauri tsotsa ta ragu, tsotsa ta ragu asid ya ƙara taruwa. Ta gyambon nan bakteriyar Fusobacterium necrophorum ke shiga jini ta sauka a hanta ta yi ƙurji, shi ne za ka ga an yanka turkakken sa mai kyan gani an tarar da hanta da mugunya, sai dai a yar. Ɗingishin ma sau da yawa daga nan yake, don gubar da ke fita daga tumbi tana taɓa jijiyoyin jinin kofato.

Likitocin dabbobi a garin nan sun saba da hira irin wannan a bakin turke:

"Likita, wanga sa tun shekaranjiya ba shi tuƙa. Kuma wallahi ban rage mai komi ba."

"Alhaji, yaushe anka kawo shi?"

"Satin da ya wuce, daga Illela."

"Harawa fa?"

"Harawa ta yi tsada, ranka shi daɗe. Dussa munka fi ba shi, ai ita ka sa nama."

"Ita ka sa nama, amma ba ga tumbin da ya yi wata biyar bisa kara ba. A janye ta yau, a aza mai harawa, mu gani zuwa jibi."

Abin da ake bi ba ɓoyayye ba ne, mako 3 zuwa 4 ne na sabo. A fara da harawa da ciyawa ya ƙoshi, dusa 'yar kaɗan, a riƙa ƙarawa duk bayan kwana uku ko huɗu, a raba ta sau biyu ko uku a yini, harawa ta riga dusa shiga ciki, in kashi ya tsinke a koma baya. Manyan gonakin turke na Amurka, duk da injinansu da masanansu, haka suke jira. Sauri ya haifi nawa. Kanwa da makiyaya suka daɗe suna ba shanu tana taimakawa, domin cakuɗar kabonet da baikabonet ɗin sodiyam ce, dangin abin da ke cikin miyau, dangin kuma sodar da masu shanun madara a Turai ke zubawa a abinci. Amma tsamin da ya riga ya taru take ragewa. Ba ta tsirar da gashi, ba ta tayar da tuƙa, ƙarfinta kuma ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, wata ƙasa ce ta fi yawa a ciki.

Duk wannan maganar gajerun asid ce. Akwai dogaye, masu ƙwayar kabon 16 ko 18, su ne mai da kitse na ainihi: man da ke cikin angurya, tunkuza, dusar masara, buntun shinkafa, har da ɗanyar ciyawa. Su bangon tumbi ba ya tsotsar su, sai sun kai ƙaramin hanji. Amma ba sa fita tumbi yadda suka shiga. Man tsirrai yana zama ruwa ne domin asid ɗinsa ba su cika da haidurojin ba, irin wannan mai kuwa guba ne ga bakteriyar tumbi. Sai su kare kansu: wasu su farfasa man, wasu irin su Butyrivibrio su riƙa liƙa masa haidurojin mataki-mataki har ya cika ya zama sitiyarik mai daskarewa. Kashi 70 zuwa 95 cikin 100 na linoleyik, asid ɗin man da ya fi yawa a angurya da masara, ana taɓa shi a haka, linolenik na ɗanyar ciyawa ma ya fi. Shi ya sa kitsen sa ke daskarewa a kan balangu tun kafin ka kai gida, ya kama maka dasashi, na kaza kuwa ya zauna ruwa-ruwa. Kaza abin da ta ci take ajiyewa, sa ko man gyaɗa ka ba shi kitse mai tauri zai ajiye. Jiki yakan sassauta wani kaso daga baya, ya mayar da sitiyarik zuwa oleyik mai laushi a cikin kitse da hantsa.

Ciyawa da kara man cikinsu bai wuce kashi 2 zuwa 4 cikin 100 ba, da haka tumbi ya saba. Ƙa'idar masana ita ce kada mai ya wuce kashi 6 zuwa 7 na busasshen abincin yini gaba ɗaya. In ya wuce, ya lulluɓe zare, ya kashe masu cin zare da furotozowa, harawar da aka saya da tsada ta fita a kashi ba ta narke ba. Angurya wajen kashi 20 ɗinta mai ne, amma da dama-dama, saboda man a kulle yake cikin ƙwaya yana fita a hankali yayin tuƙa, ga sauran auduga a jikinta. Tana dai da gubar gosifol, wadda tumbin babban sa ke ɗaure mafi yawanta, maraƙin da tumbinsa bai kama aiki ba kuwa ba shi da wannan kariya. Tunkuzar gida ta fi ta kamfani mai, don matsar hannu ba ta tatse shi duka. Buntun shinkafa na ƙananan injina, irin da ake samu a yankunan shinkafa kamar Wurno da Goronyo, a cakuɗe yake da ɓawo mai ƙaiƙayi da kusan ba ya narkewa, man da ke ciki kuma ba ya jimre wa zafin Sakkwato. Ɗura wa dabba man gyaɗa idan ciki ya kumbura da kumfa wani abu ne daban, magani ne na lokaci ɗaya, don mai na fasa kumfa.

A hanji, yawancin abin da ya iso sakakken asid ne mai daskarewa, manne da ɓarɓashin abinci. Ruwan madaciya, da wani sinadari mai suna laisolesitin da ake samu daga gare shi, su ke ɓamɓare shi su rarraba shi ƙanana-ƙanana har bangon hanji ya karɓa. Wajen kashi 70 zuwa 80 ake tsotsewa, kuma yawan da ya iso in ya ƙaru kason da ake tsotsewa raguwa yake, musamman sitiyarik. Ludayi na biyu na mai bai kai na farko amfani ba. A farkon shekarun 1980 Palmquist da Jenkins na Jami'ar Jihar Ohio suka haɗa asid ɗin mai da kalsiyam ya zama wani irin sabulu da ba ya narkewa a tumbi sai ya isa ɗaki na huɗu mai tsami. Da man ja ake yin yawancinsa yau. Kayan masu shanun Turai ne da ke ba da lita 30 ko 40 a rana. Ga Gudali mai ba da 'yan litoci, ni dai a ganina kuɗin ya fi amfani a harawa.

Inda gajerun asid da dogayen ke haɗuwa a gani da ido shi ne ƙwaryar nono. Wajen rabin man madara hantsa ce ke gina shi daga asitet da abin da butiret ya koma, sauran rabin daga jini take ɗebo shi. Da damina, shanu na kan ɗanyar ciyawa, kaɗan daga linolenik da wasu asid na tsaka-tsaki suna tsira su shiga madara, shi ya sa man shanun da matan Fulani ke kawowa kasuwa a Agusta ya fi laushi, rawayar kuma daga karotin take, wani sinadarin launi da ke cikin ganye. Masu shanu a gefen gari da ke ciyarwa da dusa da angurya kuwa sukan ga madara ta ƙaru, amma a kaɗa a kaɗa mai bai taru ba. Shekara da shekaru ana cewa ƙarancin asitet ne. Wajen 2000, Dale Bauman da abokan aikinsa a Cornell suka nuna abin da ya fi wannan ƙarfi: idan tumbi ya yi tsami ga kuma man tsirrai a ciki, bakteriya sukan sauya hanya wajen cika linoleyik, su samar da wani asid da in ya kai hantsa yake hana ta gina mai. Giram 10 nasa a rana ya rage man madara da fiye da kashi 40 cikin 100. Sai abu biyun sun haɗu, tsami da mai, ɗaya shi kaɗai bai cika yi ba. Dusa mai yawa, angurya ko tunkuza a kai, harawa kaɗan, shi ne ainihin haɗin. Idan aka gyara abinci man yakan dawo cikin mako biyu ko uku. Bangon tumbi ya fi haka jinkiri, inda kuwa gyambo ya warke ya bar tabo, gashi ba ya sake tsirowa a wurin.